Hukuncin Raba Aure Saboda Cutarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta aure, Ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ba baƙuwa ba ce a gaban alƙalan ƙasar Katsina, watau matar da mijinta ke cutar da ita, ta gaji, ta zo neman a raba auren. Shin alƙali yana da ikon ya sake ta alhali mijin ya ƙi furta saki? In kuwa yana da wannan iko, wa zai ɗauki hasarar sadaki, mijin ko matar? Tambaya ta biyu ita ce jama'a suka fi jahilta, kuma a kanta ne dukiyar mata ke salwanta ba bisa haƙƙi ba.

A ƙaddara wata mace ce a Kutawa, cikin ƙasar Dutsin-Ma. Mijinta mai saurin hannu ne, in ya fusata ba ya tsayawa kan mari, kuma bakinsa ba ya barin iyayenta. Ta yi yaji sau biyu ko uku, kowane karo a yi biko, waliyyinta ya ba ta haƙuri, mai unguwa ya ja wa mijin kunne, ta koma ɗakinta. Da abin ya ci tura sai ta shiga mota ta tafi kotu, aka aika wa mijin sammaci. Ya zo ya ce shi har gobe yana son matarsa, bai sake ta ba, ba kuwa zai sake ta ba, in ita ce ba ta son zama, to, ta dawo masa da abin da ya kashe. Nan da nan sai magana ta juya. Maimakon a tambayi abin da ya fitar da ita daga gidan, sai a shiga lissafin sadaki, ubanta ya sayar da akuya ko buhun gero ya biya, a rubuta cewa an yi hul'i, kowa ya kama gabansa. Mutanen gari su ce an yi shari'a. Alhali kuwa in abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma tana da shaida, littattafan da alƙalin ke hukunci da su ba su ɗora mata ko kwabo ba.

Tushen ruɗanin shi ne haɗa abu biyu waɗanda shari'a ta raba. Hul'i shi ne mace ta fanshi kanta da dukiya domin ba ta son zaman, ba don mijin ya yi mata wani laifi ba. Asalinsa ƙissar matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce, Allah Ya yarda da su. A ruwayar Buhari ta shaida wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba ta zargin mijinta a addininsa ko halinsa, ita dai ba za ta iya zama da shi ba, sai aka umurce ta ta mayar masa da lambun da ya ba ta sadaki, shi kuma ya sake ta. Akwai wata ruwaya da ta ambaci duka a cikin wannan ƙissa, amma Imamu Maliku, wanda ya rasu a Madina a shekarar 179 ta Hijira, ya kawo labarin a cikin Muwaɗɗa, kana ya biyo shi a babin nan da nasa hukuncin: idan aka san mijin ne ya cuci matar, ya ƙuntata mata har ta fanshi kanta, sakin ya tabbata, kuma a mayar mata da dukiyarta. Ya ƙara da cewa a kan haka ya tarar da aikin mutanen Madina. Madogararsa a bayyane take. Aya ta 19 cikin Suratun Nisa'i ta hana maza su ƙuntata wa mata domin su karɓe wani sashe na abin da suka ba su, aya ta 231 cikin Suratul Baƙara kuma ta hana a riƙe mace da nufin cutar da ita. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya maimaita wannan hukunci a cikin Risala, littafin da ɗalibin zaure ke kaiwa tun kafin ya fara tsayar da gemu.

Abu na biyu shi ne sakin da alƙali ke yi a kan miji saboda cutarwa. Shaihu Halilu ɗan Is'haƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, ya tabbatar a cikin Muhtasar, littafin da malaman ƙasar Hausa ke kira Lawwali da Sani, cewa mace tana da haƙƙin a sake ta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su ce an maimaita ta ba. Alƙali ya umurci mijin ya saka, in ya ƙi, ya zartar da sakin a kansa. A nan matar ba ta mayar da sadaki, in ma da sauran sadakin da aka yi wa ajali bayan an tare, yana nan bashi a wuyan mijin. Ibnu Asimin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, ya kawo ƙauli biyu a cikin Tuhfa, littafin da alƙalai ba sa rabuwa da shi: ɗaya irin na Halilu, ɗayan kuma cewa alƙali ya fara tsawata wa mijin, in ya koma sa'an nan a raba. Zaɓi dai yana hannun matar. In ta tabbatar da cutarwa amma ta ce tana son zaman aurenta, ko don 'ya'ya ko don wani dalili nata, alƙali ba zai tilasta mata rabuwa ba, sai ya hori mijin, ya fara da wa'azi, in bai ji ba ya tsananta.

To, mene ne cutarwa? A nan ne ake gane zurfin malaman sharhi. Shaihu Ahmadu Dardiri, babban malamin Malikiyya na Azhar wanda ya rasu a 1786, ya ce ita ce duk abin da shari'a ba ta halatta wa miji ya yi wa matarsa ba. Ya ba da misali da ƙaurace mata ba da dalili ba, da dukanta ba bisa haƙƙi ba, da zaginta, da zagin ubanta ta hanyar jingina ta ga kare ko kafiri ko la'ananne, har ya yi nuni da cewa wannan ɗabi'ar ashararan mutane ce, kuma mai yin haka ana ladabtar da shi ƙari a kan sakin. Ya haɗa da saduwa da ita ta inda Allah Ya haramta. Wasu masu sharhin sun ambaci daina yi mata magana da juya mata baya a shimfiɗa. Mai karatu ya lura, yawancin waɗannan ba sa barin tabo a jiki. Ashe wanda ya ɗauka sai an ga jini ko karaya kafin a ce an cuci mace, bai karanta babin ba. Duk wanda ya san nauyin zagin uwa ko uba a bakin Bahaushe ya san dalilin da ya sa malamin ya jera shi kusa da duka.

Haka kuma Dardiri ya fitar da wasu abubuwa daga wannan babi, domin kada kowane ɓacin rai ya zama dalilin saki. Hana ta fita yawon shaƙatawa ba cutarwa ba ne, haka ladabtar da ita a kan barin salla, haka ƙara aure. Kishiya ita kaɗai ba hujja ba ce a gaban alƙali. Abin da ke zama hujja shi ne a yi kishiyar, sa'an nan a danne wa uwargida kwananta ko abincinta. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, shari'a kuwa ba ta zo don ta rushe gida a kan 'yar gardamar cefane ba.

Wani zai kawo aya ta 34 cikin Suratun Nisa'i ya ce ai an yi izinin duka. Malaman Malikiyya sun kewaye wannan izini da sharuɗɗa masu tsanani. Sai a kan mace mai bijirewa, sai bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa sun kasa, sai ya zama ba mai raunatawa ba, ba ya karya ƙashi, ba ya ɓata gaɓa, kuma sai mijin yana zaton zai yi amfani. Dardiri ya ce duka mai tsanani bai halatta ba ko da mijin ya san ba za ta daina bijirewar ba sai da shi, in kuwa ya aikata, tana da saki, tana da ƙisasi. Malaman sharhi sun ƙara wata ƙa'ida mai amfani ga alƙali: idan mijin ya ce ladabtarwa ya yi, ita kuma ta ce zalunci ne, maganarta ake ɗauka, sai fa in shi mutum ne da aka sani da kirki. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shaida a cikin hadisin da Muslimu ya ruwaito cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Wahalar mas'alar duka tana wajen tabbatarwa, domin abin da ake yi a cikin ɗaki bayan an rufe ƙofa, wa ya gani? Asali dai sai maza biyu adilai sun shaida. Amma malaman mazhabar sun san gidan aure ba kasuwa ba ne, saboda haka suka buɗe wata ƙofa, watau shaidar ji. Ibnu Asimi ya ce ana tabbatar da cutarwa da shaidun gani da ido, ko kuwa da labarin da ya bazu a cikin jama'a. Ma'anarsa mutum biyu su zo su shaida cewa sun daɗe suna ji daga bakin maƙwabta da mata da masu shiga gidan cewa wane yana cutar da matarsa ba da wani laifi nata ba. Wannan sassauci ya dace da zaman ƙauye ƙwarai. A gari irin Kutawa, inda danga ko gajeriyar katanga ce ke raba gida da gida, kukan dare ba ya ɓuya. Matan da ke haɗuwa wajen ɗiban ruwa sun sani, mai unguwar da ya yi sulhu sau uku ya sani, dattawan da suka je biko sun ji abin da mijin ya amsa da bakinsa a zauren surukinsa. Kowane yaji da biko, in an lura, shaidu yake tarawa.

In babu ko wannan fa? Halilu ya ce alƙali ya zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su sa ido su gane mai laifi. In ƙara ta ci gaba da dawowa, al'amari ya rikice, sai a aika hakamai biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, kamar yadda aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni. Sai sun zama maza, adilai, masu fahimtar hukuncin abin da aka aike su. Aikinsu na farko gyara ne. In gyara ya faskara, suka ga laifin na miji ne, su raba ba tare da ta biya komai ba. In na matar ne, su bar ta a hannunsa bisa amana ko su yi hul'i. In duka biyun suna da laifi, malamai sun saɓa, waɗansu suka ce a raba ba biya, waɗansu suka ce ta biya wani abu gwargwadon nata laifin. A wurin Imamu Maliku waɗannan mutum biyu masu hukunci ne, sakin da suka yanke yana zartuwa ko mijin bai yarda ba. An ruwaito cewa Halifa Usmanu ya aiki Ibnu Abbas da Mu'awiya da irin wannan aiki tsakanin Aƙilu ɗan Abu Ɗalibi da matarsa.

Saura matar da ta riga ta biya. Wannan ita ce gaɓar da ya kamata kowane waliyyi ya haddace. In ta fanshi kanta don ta tsira, daga baya ta kawo hujjar cewa cutarwa ce ta tura ta, sakin yana nan daram, kuɗinta kuma ya dawo. Da yake yanzu magana ta koma ta dukiya, Halilu ya sauƙaƙa hujjar: shaidar ji ta isa, haka shaida ɗaya namiji tare da rantsuwarta, haka mata biyu tare da rantsuwarta. Watau maƙwabta mata biyu da suka ga abin da ya faru suna iya dawo wa uba da kuɗin akuyarsa.

Jama'ar ƙasar Hausa sun gaji wannan hukunci tun da daɗewa, har ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Sai an dubi waɗansu ƙasashe ake gane girmansa. A mazhabar Hanafiyya, da kuma mashahurin ƙaulin Shafi'iyya, alƙali ba ya raba aure saboda cutarwa, iyakarsa ya hori mijin, hakamai biyu kuwa wakilai ne kawai, ba su da ikon saki sai mijin ya ba su. Ƙasashen da ke hukunci da Hanafiyya sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. Daular Usmaniyya ta ɗauki tsarin hakamai masu ikon rabawa a dokar iyali ta 1917. Masar ta biyo da doka mai lamba 25 ta 1929, wadda ta ba alƙali ikon sakin mace in ta tabbatar da cutarwar da irinta ba za ta iya zama a kai ba, kuma daga Malikiyya aka aro ta.

Labarin Musulmin Indiya ya fi ban tausayi. Su ma Hanafawa ne, ga kuma kotunan Turawan Ingila suna bin zahirin littattafan mazhabar ba sassauci. Matar da mijinta ya ɓace, ko ya ƙi ciyar da ita, ko yake azabtar da ita, ba ta da mafita. Sai waɗansu mata, musamman a yankin Punjab, suka gano cewa kotu na ɗaukar ridda a matsayin abin da ke warware aure nan take, suka riƙa bayyana fita daga Musulunci domin kawai su kuɓuta daga mazajensu. Abin ya tayar wa malamai hankali. Maulana Ashraf Ali Tanawi ya rubuta wa muftan Malikiyya na Madina yana neman bayani, kana a farkon shekarun 1930 ya fitar da littafinsa Alhilatun Najiza, inda ya ba da fatawar a yi aiki da ƙaulin Maliku saboda larura. Daga nan ne aka kai maganar majalisa, aka zartar da dokar raba auren Musulmi ta 1939. Dokar ta lissafa cutarwa a cikin dalilan rabuwa, ta haɗa da yawan duka, da ƙuntata rayuwar mace ko ba da taɓa jikinta ba, da cin dukiyarta, da hana ta addininta, da rashin adalci tsakanin mata. Malaman ba su ji daɗin yadda aka cire sharaɗin cewa sai alƙali Musulmi ne zai yanke hukuncin ba, amma dokar ta zauna, kuma Pakistan da Bangaladesh sun gaje ta.

Maƙwabtansu mabiya addinin Hindu sun fi su jimawa a kan hanya. Masu kallon fina-finan Indiya sun sha ganin ango da amarya suna zagaya wuta. Taku bakwai ɗin da suke yi a gabanta shi ke ƙulla auren, kuma a koyarwar manyan darajojinsu ƙulli ne na addini wanda ba ya kwantuwa, ko da yake waɗansu ƙananan darajoji suna da al'adar rabuwa tun asali. Yunƙurin gyara wannan ya jawo rikici mai zafi bayan samun mulkin kai a 1947, har ministan shari'a, Dakta Ambedkar, ya ajiye aiki a 1951 da ya ga an jingine daftarinsa. Sai a 1955 gwamnatin Nehru ta zartar da dokar auren Hindu, wadda ta shafi har mabiya addinan Sikh da Jain da Buddha. Ta halatta kotu ta raba aure saboda dalilai irin su zina da hauka da sauya addini da ɓacewar shekara 7. Cutarwa kuwa ba ta samu wannan matsayi ba. Iyakar abin da take jawowa shi ne a raba musu wurin zama alhali igiyar auren na nan, sai an shekara 2 ba su koma ba kafin a nemi saki, kuma sai mai ƙara ya nuna cewa akwai fargabar lahani in ya ci gaba da zama. A 1976 ne aka gyara sashe na 13 na dokar, cutarwa ta zama dalilin saki kai tsaye, aka kuma cire sharaɗin fargabar. Ingila kanta ba ta kai ga sanya cutarwa cikin dalilan saki ba sai a 1937.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. A dokar Hindu miji ba ya da saki a bakinsa, shi ma sai ya je kotu, don haka ƙofar cutarwa ta namiji da mace ce. Shahararriyar shari'ar Dastane ma miji ne ya kai ƙara, yana cewa matarsa tana zaginsa da iyayensa, tana barazanar kashe kanta ko cinna wa gidan wuta. Ya shigar da ƙarar a 1962, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1975, shekara 13 ke nan. Kotun ta ce a irin wannan ƙara rinjayen hujja ya isa, ba sai an kai ga yaƙinin da ake nema a shari'ar laifi ba, kuma ta yarda an cuce shi. Duk da haka ya faɗi, domin ya ci gaba da zaman aure da ita bayan abin da ya faru har ta sami ciki, dokarsu kuwa ta ɗauki wannan a matsayin yafewa. A Musulunci, da yake miji yana riƙe da saki, ƙofar cutarwa an tanade ta ne domin wadda ba ta da shi.

Dokar Hindu ba ta fassara kalmar cutarwa ba, sai alƙalai suka yi ta cike gurbin shari'a bayan shari'a. A ƙarar Shobha Rani ta 1987, Kotun Ƙoli ta ce matsa wa mace da neman kuɗi daga iyayenta cutarwa ce, kuma ba sai an tabbatar mijin ya yi niyyar cutarwar ba. Ya kamata a tuna a can iyayen amarya ne ke biyan ango dukiya, al'adar da aka haramta da doka tun 1961 amma ta ƙi mutuwa. A ƙarar Samar Ghosh ta 2007 kotun ta jera misalai 14 na cutarwar zuciya, daga ciki akwai wulaƙanci mai ɗorewa, da ƙaurace wa shimfiɗa tsawon lokaci ba dalili, da yanke shawarar ƙin haihuwa ba da yardar abokin zama ba, kana ta ce ƙananan saɓanin yau da kullum ba sa shiga. Wanda ya ajiye wannan jeri kusa da na Dardiri zai ga kamanni mai yawa, alhali shekara 221 ce tsakanin rasuwar malamin da ranar wannan hukunci.

A dawo gida. Fiƙihun Malikiyya ya kafu a Katsina tun kafin zuwan Shaihu Muhammadu Almagili wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma shi ne abin hukunci a zamanin da aka yi su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, suna amfani da su kamar kayan aikin gida. Tsarin kotuna ya sauya sau da dama. A zamanin En'e alƙalan gundumomi, irin ta Yandaka a Dutsin-Ma da ta Maraɗi a Kurfi, suna ƙarƙashin Sarkin Katsina. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa, a 1968 gwamnati ta karɓe kotunan daga hannun En'e, a 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, a 2000 kuma jihar ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙullin aure da warware shi a cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A duk waɗannan sauye-sauye Risala da Muhtasar da Tuhfa ba su sauka daga kan teburin alƙali ba.

To, me ya sa matar da aka cuta take ƙarewa da biya? Hul'i hanya ce gajeriya, ba ya bukatar shaida, ana iya gama shi a zama ɗaya ko biyu. Matar ta ƙosa ta fita, ubanta yana jin nauyin a tona asirin 'yarsa a bainar jama'a, maƙwabta kuma kowa ya ce ba ruwansa, domin gobe da mijin za su haɗu a masallaci da gona. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, don aya ta 283 cikin Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta kuma ɗora zunubin a kan zuciyar mai ɓoyewa. Maƙwabcin da ya ji kuka shekara biyu ta bayan katanga, sa'an nan ya ce a gaban alƙali bai san komai ba, yana da hannu a cikin kuɗin da aka karɓe. Alƙali ma yana da nasa nauyin. Ba ya kyautu ya tsallaka zuwa lissafin sadaki kafin ya tambayi matar dalilin ƙinta, ya sanar da ita cewa in cutarwa take da'awa tana da damar kawo shaidu, domin yawancin matan ƙauye ba su san akwai bambanci tsakanin ƙofofin biyu ba. Takardar asibiti da aka karɓa ranar da abin ya faru, da saƙon zagi da ya rage a cikin waya, alamu ne masu ƙarfafa da'awa, kuma ya kamata waliyyi ya adana su tun yajin farko.

Sakin da alƙali ya yi saboda cutarwa saki ɗaya ne ba'ini, mijin ba shi da ikon kome a cikin idda, sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki da yardarta. Iddarta tsarki uku ce, ko haihuwa in tana da ciki. Tana da haƙƙin wurin zama har ta gama idda, ciyarwa kuwa sai in da ciki. Batun 'ya'ya kuma al'ada ta yi nisa da littafi. An saba da zarar an yaye yaro uba ya aiko a ɗauke shi, alhali a Malikiyya uwa ce ke da reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa da tufatarwa kuma suna kan uban. In uwar ta auri wani bare ya tare da ita, renon ya koma hannun tata uwar kafin a zo kan dangin uba. A hul'i ana iya sharɗanta mata ta sauke wannan haƙƙi, a sakin cutarwa kuwa babu wanda zai nemi ta sauke shi. Wadda ta ga kotun farko ta tauye ta tana da damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin Katsina, muddin ta nemi kwafin hukuncin ta shigar da ƙarar kafin wa'adin da doka ta yanka ya wuce.